Haƙƙin makauniyar mage a ƙasar Dakoro

A garuruwan ƙasar Dakoro, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a rasa ƴar mage wadda kwantsa ta manne wa ido, tana raɓe a gindin rumbu, ko bayan mahauta, ko ƙarƙashin teburin mai shayi. Ba ta da mai ita, ko kuma a ce unguwa duka ce mai ita, wanda sau da yawa ma'anarsa ɗaya. Idan wani ya tsuguna ya jiƙa ƙyalle ya share mata ido, ko ya kashe kuɗinsa ya sayo mata magani, akwai masu ganin rashin aikin yi ne, akwai kuma masu ganin kwaikwayon Turawa ne da ake gani a wayar salula. Ni ina ganin tarihi bai goyi bayan wannan fahimta ba. Haƙƙin mage mai ciwon ido daɗaɗɗe ne a wannan ƙasa: rumbu ne ya kafa shi, malaman fiƙihu suka rubuta shi da sunansa, sai kuma aikin likitan dabbobi na zamani, da ya zo da ikon warkarwa, ya tsallake shi saboda dalilan da ke da nasu tarihi. Giɓin da ke tsakanin tsohon wajibi da sabon magani shi ne abin da nake so a duba.

Mage ba ta shigo gidan ɗan Adam da igiya a wuya ba, kamar yadda saniya da jaki suka shigo. Masana sun tabbatar cewa asalinta kyanwar daji ce ta Afirka, wadda har yau danginta ke yawo a dazuzzukan Sahel, da arewacin Afirka, da Gabas ta Tsakiya. Abin da ya jawo ta kusa da mutane hatsi ne. Da mutum ya fara noma yana tara amfanin gona wuri ɗaya, sai ɓera ya samu wurin zama, mage kuma ta biyo ɓera. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, aka iske mutum da kyanwa a binne kusa da juna. Tun da babu kyanwar daji a tsibirin tun asali, to lalle a jirgin ruwa aka kai ta. A tsohuwar Masar kuwa darajarta ta kai har ana yi mata likkafani. Abin lura a nan shi ne irin yarjejeniyar da aka ƙulla tun farko. Mage tana tsaron abinci, mutum yana barin ta ta zauna, yana ɗan jefa mata abin da ya rage, amma ba ya ɗaure ta, ba ya kai ta kasuwa, ba ya lissafa ta cikin dukiya. Saboda haka kalmar "marar mai ita" ba ta fitar da mage daga cikin jama'a. Haka zamanta yake tun fil azal, kuma magen da ke kwana yau a wannan gida gobe a wancan, aikin unguwa take yi.

Wannan yarjejeniya ta fi fitowa fili a wuri irin Dakoro, domin ƙasa ce da aka ga rumbu yana tafiya arewa cikin ƙarni ɗaya. Yankin tsoho ne: Birnin Lalle na cikin biranen da Gobirawa suka zauna bayan sun baro Azbin, kafin su gangara kudu har Alkalawa. Amma mafi yawan filin da ke tsakanin Kornaka da kwarin Tarka ya daɗe yana matsayin makiyaya ta Buzaye da Fulani, da ƴan ƙauyuka jefi-jefi a bakin rijiyoyi. Garin Dakoro kansa, mai nisan kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a shekarun 1940 ne Faransawa suka mai da shi mazaunin mulki. Damunonin shekarun 1950 sun yi albarka, manoma daga kudu suka yi ta saran daji suna kafa tunga, har gwamnatin Nijar ta ga dole ta shata iyaka: dokar 26 ga Mayu 1961 ta ƙayyade inda noma zai tsaya daga arewa, iyakar da ta ratsa ƙasar Dakoro ta wajajen Tarka, ko da yake gonaki sun daɗe da ƙetare ta. Kowace sabuwar tunga da rumbunanta take kafuwa. A dubi rumbun wannan yanki: an ɗora shi bisa itatuwa ko duwatsu don ya rabu da ƙasa, an kewaye shi da zana ko laka, an jera damman gero a ciki, an kifa masa jinka. Ɗagawar tana kare shi daga danshi da gara, amma ba ta hana ɓera hawa. A ƙasar da ake shuka sau ɗaya a shekara, abin da ke cikin wannan rumbu shi ne zai riƙe gida tun daga kaka har wata kakar, kuma duk zangarniyar da ɓera ya ɓarza a watan sanyi, ita ce za a nema a rasa lokacin da damina ta faɗi, aiki ya yi yawa, tukunya ta yi sauƙi. Inuwar da ke ƙarƙashin rumbu nan ne mage ke wuni, nan take haihuwa, kuma ƙamshinta kaɗai yana rage wa ɓera sakewa. Bafulatanin da ke bin ciyawa ba ya bukatarta sosai, karensa ya ishe shi. Manomin da ya zauna wuri ɗaya kuwa ba ya iya rabuwa da ita.

Amfani kaɗai ba ya haifar da haƙƙi, domin mutum yakan mori abu ya yar. Abin da ya ɗaga mage daga matsayin kayan aiki shi ne karatun zaure. Ƙasar Gobir da Katsina da Adar ƙasar Malikiyya ce, kuma littafin Muwaɗɗa na Imamu Malik yana ɗauke da labarin sahabi Abu Ƙatada, wanda matar ɗansa ta zuba wa ruwan alwala, mage ta zo sha, sai ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga surukarsa tana mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa mage ba najasa ba ce, kuma ya lissafa ta cikin masu kai da kawowa a tsakar gida. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ga kuma Abu Huraira, wanda laƙabinsa ma daga ƴar kyanwar da yake ɗauke da ita ya samo asali. Waɗannan ba labarai ne da suka tsaya a hannun manyan malamai ba. Ana jin su a tafsirin azumi, a wa'azin kasuwa, a bakin tsofaffi idan yaro ya ɗauki dutse zai jefi mage. A wasu ƙasashen Musulmi abin ya kai ga waƙafi: an ruwaito cewa Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya keɓe wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin babin ciyarwa na littattafan fiƙihun da malaman wannan ƙasa ke karantawa. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14 kuma ya zama ƙololuwar karatun fiƙihu daga Tambutu har Barno, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyayar da za ta ci, har a tilasta masa ya fitar da ita daga hannunsa idan ya ƙi ko ya gaza. Masu sharhi suka zo suka faɗaɗa. Dasuƙi, wanda ya rasu a 1815, a hashiyarsa kan sharhin Shaihu Dardir, ya shigar da makauniyar mage cikin wannan hukunci: idan mage ta makance a gidan mutum, ta kasa fita ta nemi abinci, to ciyar da ita ya zama wajibi a kansa, idan kuwa tana iya tafiya, ba wajibi ba ne, domin yana da damar korarta. A tsaya a yi nazarin wannan hukunci. Ba a tambayi ko mutumin ya saye ta ba, ko shi ya kawo ta, ko yana son ta. Wurin da makanta ta tsare ta shi ne ya ɗora masa nauyi. A ganina malaman sun ɗauko ma'aunin ne daga hadisin matar nan: laifinta biyu ne, hana abinci da hana fita. Makanta kuwa ɗauri ce da ba ta bukatar ƙofa, don haka wanda magen ta maƙale a gidansa ya wayi gari a matsayin mai riƙe da makulli, ko da ba shi ya rufe ba. Malaman da ke warware mas'alolin gado da aure da ciniki ba su ga ƙasƙanci ba wajen tsayawa kan idon mage, kuma sun yi haka ne ƙarnuka kafin wani ya ga hoton kyanwar Bature a waya.

Mai ja da wannan magana zai ce abu biyu, kuma duka biyun suna da nauyi. Na farko, hukuncin ciyarwa ya ce, bai ce magani ba, har ma ya halatta korar mai gani. Na biyu, al'adar Bahaushe ba duka tausayin mage ba ce. Muzuru ɓarawon ƴan tsaki ne, shi ya sa karin magana ta haɗa shi da shaho a matsayin abin da zakaran da Allah ya nufa da cara zai tsallake. Matar da kajinta su ne asusunta ba za ta yi masa kallon rahama ba, kuma tana da gaskiya. Akwai kuma tsoron baƙar mage da dare, da zancen cewa mayu da aljanu na rikiɗa su shiga siffarta. Duk wannan yana nan, ba na musunsa. Sai dai camfin da ke sa a ji tsoron mage shi ne kuma yakan sa a ji tsoron kashe ta, kuma ko a inda ya haifar da zalunci, malamai ba su taɓa ba shi gindin zama ba. Game da magani kuwa, ba a wajabta abin da babu shi. A zamanin Dasuƙi babu wanda ya san abin da ke makantar da ƴar mage, balle abin da zai hana. Sai a 1942 aka gano ɗaya daga ƙwayoyin cutar a Amurka, aka gano wata a 1958, magungunan dangin tetrasikilin kuma a ƙarshen shekarun 1940 suka fara fitowa. Wanda ya yarda cewa makauniyar mage tana da haƙƙin ci daga hannunsa har ƙarshen ranta, da wuya ya kawo hujjar da za ta hana shi yin aikin mako biyu da zai sa ba za ta makance ba tun farko, ta koma ciyar da kanta, ta kuma tsare masa rumbu.

To me ya sa maganin zamani, da ya shigo ƙasar Dakoro tun da daɗewa, bai kai ga mage ba? Amsar tana cikin dalilin da ya kawo likitan dabbobi wannan yanki. A 1887 ciwon bushiya mai kashe shanu ya shigo Afirka ta tashar jiragen ruwa ta Masawa, tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo. Cikin ƴan shekaru ya ratsa Sahel, wajen 1891 ya iso ƙasar Hausa, ya share mafi yawan garken Fulani, ya bar mutanen da jiya suke da ɗaruruwan shanu ba su da ko maraƙi. Turawan mulkin mallaka sun iske wannan tabo, kuma sun fahimci cewa saniya ita ce jangali, ita ce nama da fata da ake fitarwa. Don haka aikin dabbobi da suka kafa, aikin kare garke ne. A 1924 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi a Bamako don ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, a shekarar kuma Ingilishi suka kafa cibiyarsu a Vom ta Najeriya. Bayan samun ƴancin kai ba a sauya alƙibla ba. A 1962 aka fara babban gangamin allurar bushiya a Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru. A farkon shekarun 1960 aka kafa cibiyar kiwon jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin Turai. Bayan farin 1973 da 1974 gwamnati ta buɗe wuraren hayayyafar shanu don mayar da garken da ya halaka, ɗaya daga cikinsu a Fako, arewa da Dakoro. Bushiya ta sake dawowa a farkon shekarun 1980, aka sake ɗaura ɗamara, har aka kai 2011 da duniya ta yi shelar cewa an kawar da ita baki ɗaya.

Wannan nasara ce babba, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Haka kuma abin da ya biyo baya. Da gwamnati ta janye hannunta daga sayar da magani da yi wa dabbobi jinya a shekarun 1990, makiyayin da ke nesa da gari ya shiga hannun ƴan kasuwa masu sayar da jabun magani a faranti. A Dakoro ne, daga 2003, ƙungiyar Vétérinaires Sans Frontières ta Beljiyam tare da ƙungiyar Karkara ta Nijar suka gwada wani tsari: likitan dabbobi mai zaman kansa a babban gari, da mataimaka da aka horar a ƙauyuka da mashayu, suna karɓar magani daga wajensa suna yi wa dabbobi aiki a kan kuɗi kaɗan. Tsarin ya yi kyau har aka yaɗa shi zuwa wasu sassan ƙasar. Amma a dubi abin da ke cikin jakar mataimakin: allurar ciwon huhu ta shanu, rigakafin awaki da tumaki, maganin tsutsar ciki, maganin kaska, rigakafin kaji. Babbar ƙidayar noma da dabbobi da Nijar ta yi tsakanin 2005 da 2007 ta lissafa fiye da kai miliyan 30 na shanu, tumaki, awaki, raƙuma, jakuna da dawaki. Mage ba ta cikin jerin, domin ma'aunin shi ne abin da ke da farashi a kara. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a bar ta. Kawai dabbar da ba a sayarwa ba ta da layi a takardar hukuma. Hukumar da ta gaji Bature ta auna dabba da kuɗinta, malamin zaure kuma ya auna ta da bukatarta, shi ya sa ya ga abin da ita ba ta gani ba.

Ciwon kansa ba wani abin asiri ba ne. Mafi yawan ciwon idon mage reshe ne na murar da ke kama su, wadda wani bairos na dangin harfis da wata ƙwayar cuta mai suna kilamidiya ke haddasawa, wani lokaci tare da wani bairos da ke fasa baki. Uwa ce ke shafa wa ƴaƴanta, ko su shafa wa juna wajen cin abinci da lasar jiki. Bairos ɗin ba ya barin jiki gaba ɗaya. Yakan kwanta, ya tashi idan yunwa ko sanyi ko shayarwa sun raunana dabbar, kuma ƙurar hunturu tana ƙara tsananta shi. Ƴar mage tana buɗe ido ne tsakanin mako ɗaya da mako biyu da haihuwa. Idan cutar ta riga ta shiga, sai a ga fatar idon ta kumbura ta yi tsini, mugunya ta taru a ciki ba ta da hanyar fita. A wadda ta ɗan girma kuwa, ana fara ganin hawaye da atishawa, sai kwantsa ta koma ruwan ɗorawa, ta bushe, ƙasa ta manne a kai, gashin ido ya haɗe ya zama ɓawo. A ƙarƙashin ɓawon nan ne ɓarnar ke faruwa: gyambo yana cin baƙin ido, ya bar farin tabo, ko idon ya fashe, ko fatar ciki ta manne da ƙwayar har abada. Hanci ma yakan toshe, mage kuwa idan ba ta jin ƙamshi ba ta cin abinci. Yawancin ƴan magen da ake cewa ciwon ido ya kashe, yunwa da ƙishirwa ne suka ƙarasa su.

Abin da ake yi mata kuma bai fi ƙarfin gidan talaka ba. A tafasa ruwa da ɗan gishiri kaɗan, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A naɗe magen cikin tsumma don kada ta yi yaƙushi, a jiƙa ƙyalle mai tsabta ko auduga, a ɗora kan idon a jira ɓawon ya yi laushi da kansa, ba a ɓamɓara ba, sa'an nan a share daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da nasa ƙyalle. Man ido na tetrasikilin, wanda ake matsawa a cikin fatar ido ta ƙasa, yana kashe kilamidiya da sauran ƙwayoyin da ke bin bayan bairos, amma yana bukatar a dage da shi sau da yawa a rana har kwanaki bayan idon ya washe, kuma daidai ne a nemi shawarar ma'aikacin dabbobi kan yawansa, musamman idan ƙwayar idon ta yi fari ko ta bultso. A share mata hanci, a ba ta ruwa da abinci mai ƙamshi kamar ɗan kifi, a ware ta daga sauran. Akwai kuma abubuwan da kyakkyawar niyya ke kashe mage da su. Farasitamol guba ne gare ta, ko ɓallin ƙwaya ɗaya na iya halaka ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin ɗigawa a ido na mutane da ke ɗauke da sinadarin rage kumburi irin su dekisametazon yana faɗaɗa gyambon ido. Tozali, ruwan taba, ko kananzir ba su da abin yi a nan sai ƙara ƙuna. Hausawa na cewa ciwon ido sai haƙuri. Haƙurin da ake bukata a wannan wuri shi ne na maimaita shara da shafa magani safe da yamma.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na fifiko. Dakoro na cikin wuraren da yunwar 2005 ta fi yi wa illa bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, har likitocin Médecins Sans Frontières suka buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin. Jihar Maraɗi kuma tana cikin inda amosanin ido ya fi addabar mutane a Nijar, ciwon da ke juya gashin ido ciki yana gogar ƙwaya har mace ta makance tana tsakiyar ƙarfinta. A ƙasar da yara ke cikin wannan hali, wa ke da bakin zancen idon mage? Ina ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci, kuma amsata ta farko ita ce amincewa: idan ƙwaya ɗaya ce ta rage, ta yaro ce, kuma man idon da aka raba kyauta don jarirai haramun ne a karkatar da shi ga dabba. Amma a zahiri ba haka zaɓin ke zuwa ba. Ruwan ɗumi da tsumma ba a cire su daga bakin kowa ba. Kuma yaƙin da aka yi da amosanin ido tun ƙarshen shekarun 1990, da hannun ma'aikatar lafiya da ƙungiyoyi irin Cibiyar Carter, ginshiƙansa su ne wanke fuska, tsabtar muhalli, magani kan lokaci da tiyata. Ƙwayar da ke kawo amosanin ido ƴar'uwar wadda ke kama mage ce, ko da yake ba ita ba ce, kuma mage ba ta yaɗa amosanin ido. Darasin dai ɗaya ne: kwantsa ba abin da za a zuba wa ido ba ce, alama ce ta cuta mai magani. Yarinyar da ta koyi share idon ƴar mage da ƙyalle mai tsabta, ta wanke hannu da sabulu bayan ta gama, ba za ta bar ƙuda ya yi sansani a fuskar ƙaninta ba. Ban taɓa samun hujjar da ke nuna cewa tausayi yana ƙarewa idan an taɓa shi ba. Abin da aka saba gani shi ne gidan da ake barin yara su azabtar da dabba, ba a cika samun sassauci ga mai rauni a cikinsa ba.

Saura batun haɗari, wanda ya kamata a faɗe shi yadda yake. Zancen da ake yi cewa haɗiye gashin mage na kawo tarin fuka ba shi da tushe. Tun 1882 aka gano ƙwayar wannan cuta, kuma daga tarin mutum take shiga mutum, wani lokaci kuma daga nonon saniya mai ciwo da ba a tafasa ba. Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce wasu masu asma jikinsu ba ya jituwa da mage, su kam su nisance ta. Kilamidiyar mage ba kasafai take kama mutum ba, wanke hannu ya wadatar. Abin tsoro na haƙiƙa shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, amma magen da mahaukacin kare ya ciza ita ma tana iya ɗauka. Don haka magen da ke tangaɗi, ko dalalar da miyau, ko kai hari ba dalili, ba ta jinya ba ce a hannun yara. A sanar da ma'aikatan dabbobi. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira.

Wanda ya ce a kori mage duka a huta, sai ya dubi abin da ya maye gurbinta a inda aka yi hakan. Shinkafar ɓera da sauran gubar da ake sayarwa a ƙulle a kasuwannin ƙauye suna kashe ɓera, amma suna kashe kajin da suka tsattsage su, suna kashe magen da ta ci mataccen ɓeran, kuma akan ajiye su a ɗakin da yara ke rarrafe, kusa da buhun da ake ɗibar tsaba. Idan mage ta ƙare a unguwa, ɓera da ke haihuwa da yawa cikin ƴan makonni shi ke fara dawowa, sai a ƙara sayen guba. Tsarin da aka fara a Dakoro ya riga ya kai mutum mai horo da jakar magani har ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Ƙara masa man ido, da awa ɗaya ta bayani kan murar mage da haɗarin farasitamol, da allurar haukan kare ga karnuka da kyanwoyin gari, ba zai sauya nauyin jakar ba, kuma limamin da zai yi wa jama'a bayanin dalili yana da mas'alar a rubuce cikin littafin da ya karanta a gaban malaminsa.